Agadas zuwa Timia a kan babur: a fara lissafin awannin rana kafin a tashi

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi magana da matasanmu masu sha'awar doguwar tafiya a kan babur, waɗanda yawansu ke ƙaruwa a Kano da Katsina da Maraɗi da Damagaram. Kwanan baya wasu daga cikinsu suka zo wurin aikina na gyaran babura suna neman shawara a kan tafiyar da suke shiryawa idan sanyi ya shigo. Niyyarsu ita ce su tashi daga Agadas, su ratsa duwatsun Azbin har garin Timia, su ga lambuna da wurin da ruwa ke gangarowa daga dutse, sannan su juyo su kwana a Agadas, duk a yini guda. Ra'ayina shi ne zuwa kaɗai ya ishi yini guda aiki, kuma wanda ya ce sai ya haɗa zuwa da dawowa bai zauna ya yi lissafi ba.

Tsakanin Agadas da Timia kimanin kilomita 220 ne, zuwa da dawowa kuwa 440. Wanda ya saba da kwalta zai ga wannan ba komai ba ne, amma mafi yawan wannan hanya ba ta san kwalta ba. Tsakuwa ce da duwatsu masu kaifi da hawa da gangara, sai kuma koramu busassu da yashi ya cika, waɗanda hanyar takan faɗa cikinsu ta daɗe ba ta fito ba. A irin wannan ƙasa, ƙwararren mahayi a kan ƙaramin babur mai kaya, idan aka haɗa gudunsa da tsaye-tsayensa, da wuya ya wuce kilomita 30 a awa ɗaya, wato zuwa kaɗai zai ci fiye da awa 7. A watan Disamba rana tana fitowa a Agadas wajen ƙarfe bakwai saura, ta faɗi wajen ƙarfe shida, hasken yini duka bai wuce awa 11 ba. Mai son komawa a ranar yana bukatar awa 14 zuwa 15 ko da taya ba ta yi faci ba, ko da bai tsaya ya ci abinci ba, don haka awa uku ko huɗu na ƙarshe zai yi su ne cikin duhu, a gajiye, da fitilar da ba ta nuna ramin da ke gabansa sai ya kusa faɗawa.

Abin da ya sa wannan hanya ta fi gajiyar da mutum shi ne abin da yashi yake so da abin da dutse yake so sun saɓa wa juna. Yashi yana son a rage iskar taya domin ta baje ta hau samansa, dutse kuwa yana son taya mai tauri, domin idan iska ta yi kaɗan aka daki gefen dutse, ƙarfen ƙafar yakan matse tiyub ya tsaga shi wuri biyu. Mahayi mai lura zai sauka a bakin doguwar korama ya rage iska, idan ya fito ya sake sauka ya ɗauko famfo ya mayar da ita, kuma kowane sauka yana cin minti goma a cikin yinin da dama bai ishe shi ba. A cikin yashin ma akwai yadda ake bi. Ana shiga da giya ta biyu ko ta uku, a matsa da jiki baya, a riƙe totur ba tare da saki ba, a bar kan babur ya yi 'yar rawarsa. Wanda ya tsorata ya saki totur ko ya damƙe birkin gaba, nan take ƙafar gaba za ta nutse ta jefar da shi, wanda kuma ya yi ta wasa da kuloci yana neman fita zai ji ƙauri ya taso kafin ya kai rabin koramar.

A gangaren dutse kuma akwai wata ɗabi'a da 'yan acaɓa suka gada, ta kashe inji ko cire giya a gangara domin a rage shan mai. A cikin gari asarar wannan ɗabi'a kaɗan ce, amma a doguwar gangara mai lanƙwasa, da mutum da jarka da jaka a bayan babur, birki yakan yi zafi har ya daina kamawa. Abin da ya dace shi ne a sauka da giyar da aka hau da ita, inji ya riƙe babur, birki ya zama mataimaki.

Game da man fetur, ƙananan baburan da muke hawa tankinsu bai cika wuce lita 11 zuwa 13 ba. Babur ɗin da ke yin kilomita 35 zuwa 40 da lita ɗaya a kwalta yana iya saukowa kusa da 20 a yashi da hawan dutse, wato tanki guda da kyar zai kai mutum Timia idan bai yi ɓatan kai ba. Gaskiya ne akan sami man kwalba a wasu ƙauyukan kan hanya, amma ba abin da za a ɗora tafiya a kansa ba ne, domin ran da ka fi bukatarsa ran nan za ka tarar ya ƙare ko an gauraya shi. Kowane mahayi ya ɗauki aƙalla lita biyar a jarka mai kyakkyawan murfi, ya ɗaure ta nesa da salansa, ya kuma tace duk man da ya saya da tsumma mai tsabta kafin ya shiga kafireto. A sake baƙin mai da fulogi kafin ranar, a wanke matatar iska, a duba sarƙa da wayoyin ƙafa, a tafi da tiyub na gaba da na baya, da kayan faci da famfo da wayar kuloci da mahaɗin sarƙa. Wanda bai taɓa cire ƙafar bayan babur ɗinsa da hannunsa ba, ya koya a gida kafin ya tashi.

Ruwan sha shi ne abin da masu tafiyar hunturu suka fi rainawa, domin iskar busasshiya ce, gumi yana bushewa kafin mutum ya san ya fito, sai dai ya ji kansa yana sarawa kuma hannunsa ya daina bin abin da idonsa ya gani. Lita biyar zuwa shida ga kowane mutum, da wasu biyu da ba za a taɓa ba sai babur ya mutu, ba su yi yawa ba. Lokacin tafiyar ma zaɓi ne. A Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40. Daga Yuli zuwa Satumba kuwa, ruwan da aka yi a kan dutse mai nisa yana iya cika korama cikin ɗan lokaci alhali inda kake ko hadari babu, kuma mutanen Agadas ba su manta da ambaliyar koramar Telwa ta farkon Satumban 2009 ba, wadda ta rusa dubban gidaje. Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi, amma da sharaɗin rigar sanyi mai kauri da safar hannu, domin sanyin asuba a cikin duwatsu yana sandarar da yatsu, kuma ran da aka tashi da hazo mai kauri gara a ɗaga tafiyar.

Matasan sun kawo mini hujja da gasar tseren motoci da babura ta Paris zuwa Dakar, wadda ta sha bi ta Agadas, suna cewa ai Turawa sun yi abin da ya fi wannan. Wanda ya ƙirƙiro gasar, Thierry Sabine, shi kansa ya ɓata a kan babur cikin sahara a 1977, da kyar aka gano shi da rai. A gasar farko da ta tashi daga Paris a ƙarshen Disamban 1978, cikin motoci da babura 182 da suka fara, 74 ne kawai suka isa Dakar, alhali tafiya ce da aka tsara, da masu sa ido da masu neman wanda bai iso ba. Matasanmu kuwa ba su da mai neman su sai wanda suka gaya wa da bakinsu.

Wannan ya kawo ni ga batun tsaro, wanda ya kamata a warware shi tun kafin a sayi ko lita ɗaya. An binne nakiyoyi a wasu sassan Azbin lokacin tawayen 2007 zuwa 2009, don haka ba a barin sawun da motoci suke bi domin yanke. Tun da aka fara haƙar zinariya a arewacin jihar Agadas a 2014 zirga-zirga ta ƙaru, 'yan fashi ma suka ƙaru, kuma a farkon 2025 an sace Turawa mata biyu a cikin garin Agadas kansa. Wajibi ne a je wurin jandarma a bayyana hanyar da za a bi, a ji ko an yarda da tafiyar da kuma sharuɗɗanta, idan suka ce a'a kuma a haƙura. Waɗanda za su taso daga Nijeriya su tabbatar takardunsu da na babur sun cika. A nemi ɗan ƙasa wanda ya san hanya ya ja gaba a biya shi haƙƙinsa, tunda matambayi ba ya ɓata, kuma kada a tafi ƙasa da babur uku, domin idan ɗaya ya ji rauni wani ya zauna da shi wani ya tafi neman taimako. Wayar salula tana ɗaukewa a mafi yawan hanyar, saboda haka a bar wa wani a Agadas sunayen matafiya da lokacin da ya kamata ya ji daga gare su.

Tsarin da nake ganin ya dace shi ne a huta yini guda cur a Agadas, musamman ga wanda ya taso daga Damagaram ya sha kusan kilomita 450 ta Tanut. A ɗaure kaya tun da dare, a yi sallar asuba, a tashi da zarar gari ya waye sosai. A riƙa tsayawa bayan kowace awa ɗaya da rabi a sha ruwa, a taɓa kusoshi da ɗaurin kaya, a yi doguwar tsayawa da azahar, mai tafiya kuma yana da sauƙin da addini ya ba shi na ƙasaru. Abu mafi muhimmanci shi ne a yanke magana tun a gida a kan wani lokaci, misali idan ƙarfe ɗaya ta yi ba a wuce garin Elmeki da ke kan hanyar ba, to a nan za a kwana, kuma babu wanda zai sake tayar da zancen a hanya, domin a kan hanya gajiya da kunyar abokai ne suke yanke shawara. Idan komai ya tafi daidai za a shiga Timia da la'asar, da sauran rana a ga lambunan lemo da rumman da dabino, a hau tsohuwar ganuwar sojan Faransa da ke bisa dutse a hango garin, a kwana, washegari a juyo da sabon ƙarfi.

Ina kuma roƙon wakilanku, duk lokacin da za su ba da labarin wani matashi da ya yi irin wannan tafiya, su tambaye shi yawan man da ya ɗauka, da wanda ya ja masa gaba, da inda ya kwana, su buga amsoshin tare da hotonsa.

Wassalam.

Daga wani mai gyaran babura, Katsina.