Zuwa ga Dogo a Legas

Dogo, salamu alaikum. Ya Legas, ya cunkoso, ya baƙunta. Kai dai ba ka da kirki wallahi, ace labarin samun aikinka a kamfanin dillancin ma'aikata sai a bakin Inna muka ji shi, ita ma a gidan suna can Mabera ta gaya ma maiɗakina, sai bayan kwana biyu ka turo mani saƙon murya na minti tara rabinshi duk ƙarar mota ce. Ni da na riƙa ba ka katifata a Danfodiyo lokacin kana aji ɗaya ba ka san ko hanyar laburare ba. To Alhamdulillahi, Allah ya sa albarka, ya sa ka shiga a sa'a.

Amma bari in gaya maka abin da ka jawo mani. Daga Juma'a zuwa yau CV biyar aka kawo mani gida, biyu cikin ambulan, ɗaya a naɗe cikin leda kamar kilishi, wai in tura maka tunda yanzu kai ne mai raba aiki a Legas. Har mai kabu-kabun da ke kai yara makaranta ya tsaida ni a Runjin Sambo yana tambaya ko akwai na direba. Na ce masu yaron nan ko teburinshi bai gama sani ba, ba wanda ya yarda. Kuma wanga shi ne abin da ke damuna da aikin naka, don na taɓa cin wuyarshi.

Ka tuna wurin da na fara aiki a ofishin ma'aikata bayan na gama bautar ƙasa? Watana biyu Gwaggo ta matsa mani lamba kan ɗanta, kullum waya, har da kuka. Na ɗauki takardunshi na ɗora saman na mutane. Aka kira shi intabiyu ƙarfe 9, bai iso ba sai sha ɗaya da rabi yana share zufa, ya rubuta a CV cewa ya iya Excel, oga ya juya mashi kwamfuta ya ce ya haɗa jimillar layi guda, sai mutumin naka ya zaro waya daga aljihu ya buɗe kalkuleta. Oga bai ce mashi komai ba, ni ya kalla. Na kusan shekara duk sunan da na kawo sai an sake bincikawa a bayana, Gwaggo kuma har yau tana ganin ni na hana ɗanta. Ka ga an yi biyu babu kenan. Don haka in 'yan gida sun turo, ka ce su bi ta inda kowa ke bi, in mutum ya cancanta ka gaya ma oganka tun farko cewa ka san shi, shi ke nan ka fita.

Zancen kuɗi kuma ko kusa. Kamfanin dillancin ma'aikata irin naku, wanda ke neman ma'aikaci shi ke biyanku, galibi wani kaso na albashin shekara bayan mutum ya kama aiki, mai neman aiki ba ya da abin biya. Za a zo maka da sunan kuɗin fom, za a zo da sunan goro, wani ma katin waya zai turo ya ce alheri ne kawai, kar ka karɓa. Masu damfara sun riga sun ɓata sana'ar, duk wanda ka kira sai ya fara zarginka, ka yi haƙuri ka faɗi sunanka da na kamfani a natse. Kuma ka tambaya a hankali ko suna da lasisin ma'aikatar ƙwadago ta tarayya, don doka ta ce sai da shi ake wannan aiki.

Ni abin dariyar ma wai kai za ka wuni kana waya da mutane, kai da ka kasa gaishe da 'yar Gwiwa sai da Baffa ya riƙe maka wayar. Af, Baffa an sa rana bayan sallah babba, kuma ba wadda muke zato ba ce, ka kira shi da kanka ka sha labari ni ba ruwana. Zafi kuma ya fara, ka san Sakkwato in Afrilu ta kama, sama da digiri 40 ga ba wuta, a waje muke kwana.

To ina nake. Ka sayi littafi ɗan ƙarami, duk wanda ka yi magana da shi ka rubuta nawa yake ɗauka yanzu, nawa yake so, kwana nawa zai ba wurin aikinshi notis, don bayan kira ashirin duk muryoyin sai su zame maka ɗaya. Ka iya bambanta albashin da ke kan takarda da wanda ke shiga akawun, nan ne rigima ta fi yawa, mutum ya ji dubu 200 ya yi murna ƙarshen wata ya ga an cire haraji da fansho ya kira ka yana faɗa. Dokar fansho ta 2014 ma'aikaci kashi 8 ake cire mashi, kamfani ya sa kashi 10, mafi ƙarancin albashi kuma naira dubu 70 ne tun 2024, waɗannan ka haddace su. Kai kanka ka tabbatar an ba ka sharuɗɗan aikinka a rubuce, dokar ƙwadago wata uku ta ba su, kar kunya ta hana ka tambaya. CV ɗin mutane kuma amana ne, akwai lambar waya da adireshi a ciki, kar in ga ka tura su guruf ɗinmu na WhatsApp don a yi dariya, akwai dokar kare bayanai ta 2023 kuma ba wasa ba ce. In ka zauna da gindinka ka nemi jarrabawar CIPM, wato cibiyar ƙwararrun masu kula da ma'aikata ta ƙasa, ni na yi sakaci da ita ina da-na-sani.

Wanda bai samu ba ka kira shi ka gaya mashi. Na san ba daɗi, amma ka tuna watannin da ka yi kana duba imel har cikin masallaci.

Kamar akwai abin da ka tambaya ƙarshen saƙon naka, kwat ne ko kuɗin haya, motar nan ta hana ni ji, ka sake turowa a rubuce. CV biyar ɗin nan kuma suna nan kan firij, ka faɗa mani mi zan ce ma mai kabu-kabu don gobe da safe zai zo ɗaukar yara.

Maiɗakina na gaishe ka, ta ce ka rage cin indomi.

Naka,
Yayanka na Runjin Sambo