Buɗaɗɗiyar Wasiƙar Ƙorafi Zuwa Ga Kamfanin Da Ya Sayar Mini Da Kifin Ado A Kano

Zuwa ga Shugaban Kamfani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Yallaɓai, ban so wannan magana ta fito bainar jama'a ba, domin na bi duk hanyar da mai mutunci zai bi don a warware ta tsakanina da ku. Abin da ya tilasta mini rubuta wannan wasiƙa shi ne amsar da manajan reshenku ya turo mini ta WhatsApp ranar Talata, 21 ga watan Janairu, da ƙarfe 4:12 na yamma, bayan na shafe makonni ina kiran lambar ofishinku ba a ɗagawa. Ga abin da ya rubuta, ban ƙara ba kuma ban rage ba: "Alhaji, kifi ba shi da garanti, rai a hannun Allah yake. Wanda bai iya kiwo ba sai ya sayi na roba, su ma muna da su." Ya kuma rufe saƙon da alamar dariya. Na san rai a hannun Allah yake tun kafin a haifi wanda ya rubuto mini wannan saƙo, amma ban taɓa jin malamin da ya ce imani da ƙaddara ya halatta wa ɗan kasuwa ya faɗa wa mai saye abin da ba gaskiya ba don hajarsa ta fita.

A ƙarshen watan Nuwamba na shiga shagonku da nufin saya wa yarana akwatin kifi na gilashi, kuma tun daga bakin ƙofa na shaida wa yaron da ya tare ni cewa ban taɓa kiwon kifin ado ba, saboda haka shawararsa zan bi. Ya zaɓa mini akwati mai cin lita 60 haɗe da matatar ruwa da fitila da tsakuwa a kan naira 142,000, sannan ya zagaya da ni yana kamo kifaye yana ƙullewa a leda: kifin gwal huɗu, oska biyu, fileko ɗaya da ya ce shi ne mai share gilashi, wasu baƙaƙe masu sheƙi guda biyu da ya kira shak, da ƙananan niyon guda goma. Kuɗin kifayen ya kama naira 68,500. Na tambaye shi ko kifi goma sha tara ba su yi wa wannan akwati yawa ba, sai ya ce kifi yana girma ne daidai girman mazauninsa. Na tambaye shi yaushe zan zuba su, ya ce da zarar na cika akwatin da ruwan famfo in bar shi ya huta na awa ɗaya. Na tambaye shi batun canjin ruwa, ya ce ai filekon nan da na saya shi ne zai riƙa cinye ƙazantar, sai dai in ƙara ruwa idan ya ragu. Da na ga hita, wato na'urar ɗumama ruwa, a kan kantar shagon na nuna masa ita, sai ya yi murmushi ya ce wannan ta mutanen Turai ce, Kano garin zafi ne.

Yallaɓai, tambayoyi huɗu na yi masa, kuma babu amsa ko ɗaya a cikin huɗun da take gaskiya.

Mako bai cika ba ruwan ya yi fari kamar an zuba masa madara, kifayen kuma suka taso sama suna buɗe baki a saman ruwa. Niyon suka fara raguwa ba tare da mun ga gawarsu ba, har sai da babban ɗana ya ga ɗaya daga cikin oskan da wutsiyar niyon a bakinsa. Wata safiya bayan sallar asuba na tarar da babban kifin gwal kwance a gefensa a kan tsakuwa, kunnuwansa, wato inda yake numfashi ta nan, sun yi jajir, fuka-fukansa a matse da jikinsa, yana numfashi da ƙyar, yarinyata ƙarama tana tsaye tana ƙwanƙwasa gilashin tana cewa ya tashi. Kafin a tafi makaranta ya mutu.

Ranar Asabar, 14 ga watan Disamba, na koma shagonku da hotuna da kuma ruwan akwatin a cikin gora, ina roƙon a gwada shi. Aka ce mini ba ku da abin gwada ruwa, kuma ba a buƙatarsa. Shawarar da aka ba ni ita ce in kwashe ruwan gaba ɗaya, in wanke tsakuwa da soson matatar tas da ruwan famfo, in cika da sabon ruwa, sannan in zuba wani shuɗin magani da aka sayar mini a cikin kwalba marar suna, marar takardar bayani, a kan naira 7,000. A ranar kuma aka lallashe ni na sayi wasu kifayen don cike gurbin waɗanda suka mutu. A cikin akwatin da aka kamo su na lura akwai matacce guda yana yawo a saman ruwa, da na yi magana yaron ya sa raga ya cire shi ya jefa a bokiti ya ce gajiyar hanya ce. Bayan 'yan kwanaki fararen ɗigo-ɗigo suka feso a jikin duk kifayen gidana, sababbi da tsofaffi. Na sake komawa, aka sake sayar mini da wani magani da wani abinci da aka ce yana ƙara ƙarfin jiki. Ban riƙe lissafin waɗannan ƙananan sayayya ba, amma jimillar abin da na kashe a hannunku ya haura naira dubu ɗari biyu da hamsin.

Wanda ya buɗe mini ido wani maƙwabcina ne mai kiwon tarwada, wanda ya yi karatu a kwalejin tarayya ta koyar da fasahar kiwon kifi da ke New Bussa a jihar Neja. Ya zo da 'yan kwalaben gwajinsa, ya ɗiga magani a cikin ruwan, launin da ya fito ya nuna sinadarin amoniya ya kai kusan miligiram 4 a kowace lita, alhali a akwatin da yake da lafiya bai kamata a same shi ba ko kaɗan. Zan maimaita muku bayanin da ya yi mini, domin ga dukkan alamu babu wanda ya taɓa yi wa ma'aikatanku shi.

Kifi yana fitar da amoniya ta kunnuwansa da kashinsa, ragowar abincin da ya ruɓe shi ma yana ƙara ta, kuma guba ce da ke ƙona kunnuwan kifi. Abin da ke kawar da ita wasu ƙwayoyin bakteriya ne masu amfani da ke zama a cikin soson matata da jikin tsakuwa, waɗanda ke juya ta zuwa naitirait, wanda shi ma guba ne domin yana hana jinin kifi ɗaukar iskar numfashi, sannan wasu su juya naitirait ɗin zuwa naitiret, wanda cutarsa ba ta kai ta biyun farko ba kuma ana rage shi ta hanyar canza kamar rubu'in ruwan a kowane mako. Sabon akwati ba shi da waɗannan ƙwayoyi, kuma yakan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin su yawaita yadda za su iya ɗaukar nauyin kifaye. Duk wanda ya ce wa sabon mai kiwo ya juye kifi goma sha tara a akwatin da aka cika awa ɗaya da ta wuce, ya san ko bai sani ba, ya yanke musu hukuncin kisa. Shawarar da aka ba ni ranar 14 ga Disamba kuwa ta fi ta farko muni, domin kulorin, wato sinadarin da ake sa wa ruwan famfo don tsabtace shi, yana kashe waɗannan ƙwayoyi, shi ya sa ake wanke soson matata da ruwan da aka ɗebo daga akwatin kansa, kuma shuɗin maganin nan shi ma yana kashe su. Wato 'yar ƙaramar kariyar da akwatin ya fara samu a cikin makonni biyu, da bakin ma'aikacinku aka sa na wanke ta da hannuna. Maganin cire kulorin daga ruwa, wanda shi ne abu na farko da ya kamata a miƙa wa mai sabon akwati, babu wanda ya ambata mini shi a shagonku.

Game da kifayen su kansu, abin da aka haɗa mini tamkar a ɗaure kura da akuya a turke ɗaya ne. Oska kifin yankin kogin Amazon ne, yana kai santimita 30 ko fiye, kuma duk abin da ya shiga bakinsa abincinsa ne, niyon kuwa bai wuce santimita 4 ba. Kifin gwal na ruwan sanyi ne, yana iya kai santimita 20 zuwa 30, yana rayuwa sama da shekara goma idan ya sami kulawa, kuma ba a haɗa shi da kifayen da ke son ruwa mai ɗumin digiri 24 zuwa 28. Fileko yana cin gansakuka amma ba ya cin kashin kifi, hasali ma yana cikin masu yawan ƙazanta, kuma irin wanda kuka ba ni yana kai santimita 40. Wanda kuke kira shak kuwa dangin tarwada ne daga kogin Mekong a kudu maso gabashin Asiya, ana kiwonsa a can don nama, kuma tsawonsa yana wuce mita ɗaya, wato ya fi tsawon akwatin da kuka sayar mini. Maganar cewa kifi yana tsayawa daidai girman mazauninsa, gaskiyarta ita ce ƙunci da gurɓataccen ruwa suna tsumburar da shi har ya mutu da wuri. Batun hita kuma, ina mamakin wanda ya kwana a Kano a watan Disamba da Janairu, lokacin da hunturu ke saukar da sanyin asuba ƙasa da digiri 15, ya ce ba a buƙatarta. Wannan sanyin ne ya raunana kifayen har cutar fararen ɗigon, wadda ta shigo tare da kifayen da aka kamo daga akwatinku mai gawa, ta sami hanyar bazuwa. Masu kiwo na gaskiya sukan keɓe sabon kifi na mako biyu zuwa huɗu kafin su haɗa shi da sauran. Haka kuma a ƙasar da wutar lantarki ke ɗaukewa ba sallama, babu wanda ya gaya mini cewa idan matata ta tsaya na tsawon awanni ƙwayoyin cikinta suna mutuwa, balle ya ba ni shawarar sayen injin iska mai batir.

Yallaɓai, da farko na ɗauka jahilcin yaro ɗaya ne. Amma da na zauna na duba rasit ɗina, sai na ga cewa duk wata muguwar shawara da aka ba ni ta ƙare ne da sabon ciniki a kantarku: kifi ya mutu a sayi wani, ruwa ya ɓaci a sayi magani, magani ya ƙi a sayi wani maganin. Shagon da ke sayar da kifi mai rai amma ba ya ajiye abin gwada ruwa, ba ya liƙa wa akwatunansa takardar da ke nuna girman da kifi zai kai, kuma yana sayar da magani a kwalba marar suna, ba zai iya cewa kuskure ne ba. Mai kiwon tarwada a bayan gari da bai taɓa shiga aji ba ya san ba a cunkusa 'ya'yan kifi a ƙaramin kududdufi, ya san warin ruwan da ya lalace, to ta yaya kamfani mai rassa da talla a Facebook da Instagram zai ce bai sani ba? Ina zargin cewa tsarin kasuwancinku ya dogara ne da mutuwar kifi, kuma da masu saye da za su ɗora wa kansu laifi su yi shiru. Akwai kuma illar da ta wuce aljihuna: waɗanda kifayensu suka tsira suka fi ƙarfin akwati, ina kuke zaton za su kai su in ba kududdufi ko madatsar ruwa ba? A ƙasar Filifin da Bangaladash irin wannan fileko da aka saki daga gidaje ya cika koguna ya zame wa masunta annoba, kuma babu mai fatan ganin haka a Tiga ko Challawa.

Saboda haka ina neman ku mayar mini da kuɗin kifayen da magungunan da aka sayar mini bisa bayanin ƙarya. Akwatin da kayansa zan riƙe su, ban nemi kuɗinsu ba. Ina neman ku aiko a karɓi fileko da shak guda da suka rage, ku kai su inda zai ishe su, domin ba zan zuba ido su tsumbure a gidana ba. Ina neman takardar ban haƙuri daga manajan reshenku, a rubuce kuma da sa hannunsa. Abin da ya fi waɗannan muhimmanci a wurina shi ne ku liƙa wa kowane akwati a shagunanku bayani da Hausa da Turanci kan girman da kifin zai kai, da ɗumin ruwan da yake so, da waɗanda ake iya haɗa shi da su, ku daina sayar wa sabon mai kiwo akwati da kifi a rana ɗaya, ku kuma ɗauko wanda ya san aikin ya koyar da yaranku kafin ku tsayar da su gaban jama'a.

Na ba ku mako biyu daga ranar da wannan wasiƙa ta fita. Idan ban ji daga gare ku ba, zan miƙa ƙorafina ga Hukumar Tarayya Mai Kula da Gasar Kasuwanci da Kare Haƙƙin Masu Saye, wato FCCPC, wadda dokarta ta 2018 ta haramta yaudarar mai saye da bayanin da ba gaskiya ba, da kuma hukumar kare haƙƙin masu saye ta jihar Kano. Rasit ɗina da hotunan kifayen da kwalbar maganin marar suna duk suna hannuna, kuma maƙwabcina ya amince zai ba da shaida kan sakamakon gwajin ruwan da ya yi.

Wassalam.

Naku,
Wani abokin cinikinku a Kano