Sanarwa: Hotunan hazo na wannan mako

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da sanyi.

Batun hotunanmu na wannan mako shi ne hazo. Kafin kowa ya ɗauki waya, don Allah ku leƙa hotunan kwarin Bodele da taurarin ɗan'adam Terra da Aqua na NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, suka ɗauko. Wurin yana arewacin Chadi, kuma busasshen gindin wani ƙaton tafki ne na zamanin da. Iska na matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi, ta fito da ƙarfi, ta kwashi farar ƙasa wadda yawancinta ɓawon ƙananan halittun ruwa ne da suka mutu tun tafkin na cike. Daga sama sai ka ga dogayen zirin fari sun miƙe kudu maso yamma, kamar an ja alli a kan jar tabarma. A ganina sun fi zanen hannu da yawa kyau. Wani kaso na ƙurar da ke toshe mana hanci da hunturu daga can take, wani kuma yakan tsallake tekun Atlantika.

Namu aikin daga ƙasa ne. Ku fita da hantsi ko bayan la'asar, lokacin da rana ke zama farin faifai, ku sa bishiyar kuka ko hasumiya a gaba. A goge gilashin kyamara da kyalle mai laushi, ƙurar nan tana karce shi.

Hoto biyu kowa, da sunan gari da lokaci. Banda wanda kwamfuta ta ƙirƙira. Za a rufe karɓa Juma'a bayan isha'i.