Wasiƙa a kan tayil ɗin bangon kicin

Sakkwato

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Ka ce ginin naka na nan gida ya kai kan kicin, kana tambayar abin da za a liƙa a bangon da ke bayan murhun gas da wurin wanke-wanke.

Ka sayi tayil mai santsi da sheƙi, ba mai kaushi ba. Bangon nan shi ke shan feshin manja, man gyaɗa da tururin miya, ga ƙurar hunturu ta zo ta zauna a kan maiƙon. Mai santsi soso da sabulu sun ishe shi. Mai zanen dutse ko mai gurbi-gurbi a shago ne kawai yake da kyau, wata uku uwargida za ta fara tsine masa. Mabul ma ka bar shi: yana shan mai, kuma ruwan tsamiya ko lemun tsami na cinye sheƙinsa. Falankin roba kuwa kusa da wuta lanƙwashewa yake yi. Baƙin tayil yana nuna farin tabon da ruwa ke bari in ya bushe. Ruwan madara ko ruwan toka mai haske ya fi rufin asiri.

Siramik na bango ya wadatar, ba sai ka kashe kuɗi a kan fosilin, wato tayil ɗin da ya fi shi tauri, ba. Shi fosilin ruwan da yake sha bai kai kashi 0.5 cikin ɗari ba, don haka siminti zalla ba ya riƙe shi sosai, sai da gam ɗin tayil.

Tsakanin kantar kicin, wato teburin da ake aikin girki a kai, da kabad ɗin sama akan bar santimita 60. Ka ɗauki tayil mai 30 da 60 a jera shi a tsaye, layi ɗaya ya rufe, babu tsaga a kwance da maiƙo zai maƙale. Bango mai tsawon mita 3 zai ci guda 10, amma ka sayi 12 saboda yankan soket da famfo da wanda zai fashe. A duba lambar da ke jikin kwalaye ta zama ɗaya, don tayil ɗin da aka gasa a lokaci daban kan zo da launi daban, kuma sai an liƙa ake gani.

Inda aiki ke lalacewa a garin nan shi ne zafi. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da ake wuce digiri 40, filasta kan tsotse ruwan kwaɓi kafin ya kama. A yayyafa wa bangon ruwa, in da siminti za a liƙa a jiƙa siramik ɗin tukuna, a kwaɓa kaɗan-kaɗan, a yi aikin da sassafe. Kada ka yarda mai aiki ya ɗiga kwaɓi a kusurwa huɗu ya manna. A shafe bayan tayil ɗin duka. Wanda zai duba maka ya ƙwanƙwasa kowanne da bayan cokali, duk wanda ya yi ƙarar ganga a ɓamɓare shi.

A bar tsagar milimita 2, a jira kwana ɗaya kafin a cike ta, kuma da abin cikewa mai ruwan toka, don farin siminti nan da nan yake komawa ja a bayan murhu. Mahaɗar kanta da bango kuma silikon za a sa, siminti tsagewa yake yi ruwa ya bi.

Ka turo min awon bangon in lissafa maka gam ɗin. A gaida uwargida da yara.

Naka,
amininka na Sakkwato