Zuwa Ga 'Yan Uwa Na Ƙetare: Kafin Ruwan Shuka Ya Sauka

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu 'yan Kumo da ƙauyukan Akko da ke Jidda, Landan, Dubai, Amurka da sauran wurare, kwamitin gida na gaishe ku. Ya aiki, ya iyali, ya baƙunta? Kayan sallar marayu da kuka aiko sun isa hannun masu su, Allah Ya saka da alheri, Ya mayar muku da ninkinsa.

A wajen rabon nan ne muka yi abin da ba mu saba yi ba. Duk gidan da muka shiga, bayan gaisuwa, sai mu tambayi uwar yara: me ya yi ajalin maigida? Amsar wata baiwar Allah har yau ba ta bar ni ba. Da kaka ne, mijinta na tattara karan dawa da silifas a ƙafarsa, kububuwa ta sare shi a idon sahu. Aka ɗaure ƙafar tamau da tsumma, aka tsaga wurin da reza, aka shafa magani, aka kwantar da shi a zaure. Ya ci tuwo, har ya yi hira, kowa ya ce an auna arziki. A kwana na biyu jini ya fara tsattsafowa daga dasashinsa. Kafin a haɗa kuɗin mota zuwa Kaltungo, rai ya yi halinsa. Tana ba mu labarin, autanta na goye yana wasa da bakin atamfar da muka kawo.

Ajali ba ya wuce lokacinsa, mun yi imani da haka. Amma an umarce mu da neman magani, kuma ga shi a kusa da mu. Asibitin saran maciji na Kaltungo sananne ne har a wajen Najeriya, daga Taraba da Adamawa da Bauchi ma can ake kai mutane. Dafin kububuwa hana jini daskarewa yake yi, shi ya sa mutum kan yi kamar ya warke alhali jini na zuba a cikinsa. A asibiti akan ɗebi jini a 'yar kwalba mai tsabta a ajiye minti 20. In bai daskare ba, an san dafi ya shiga, sai a ɗaura maganin karya shi. Ɗaurewa da tsagawa da tsotsewa ba sa fitar da komai, lokaci kawai suke ci. Tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin jerin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi, kuma talaka manomi ne yake kwana a ciki.

Don haka bana muna roƙon ku mu karkata akalar gudummawar. Da farko takalmin roba dogo, irin wanda ake kira rambut, ga manoman ƙauyukan da abin ya fi yawa, da tocila don fitar dare. Sai asusun gaggawa a hannun amintattun mutane tare da sanin masu unguwanni, domin duk wanda maciji ya sara, ko mai naƙudar da ta gagara, a sa shi a mota nan take ba tare da an tsaya neman wanda zai sayi akuya ba. Kun san yadda kuɗin mota ya koma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023.

Su kuma iyayen marayu, da yawansu suna da gonar gado, abin nomawa ne babu. Wata ta ba da tata jingina, yaranta na zuwa ƙodago a gonar ubansu. A ganina, kuma na faɗa a taron kwamiti, buhun shinkafa na sallah wata guda yake yi, amma irin wake da gyaɗa da masara, da buhun taki, da kuɗin shanun huɗa, su ne za su riƙe gida har wata kakar, yaro ya zauna a makaranta. Muna so mu haɗa musu da buhun PICS, mai leda biyu a ciki, wanda ke hana ƙwari iska su mutu ba tare da an zuba guba ba. Da shi mace za ta ajiye wakenta zuwa bazara, maimakon ta karyar da shi da kaka lokacin da kasuwa ta cika.

Lokaci ne abin ji. Ruwan shuka kan zauna mana tsakanin Mayu da Yuni, kuma da hadari ya fara haɗuwa kuɗin taki ke tashi. Wanda Allah Ya hore masa, ya daure ya turo kafin ƙarshen Afrilu.

Likitocinmu da nas-nas da ke can, ku ma ga naku aikin: ku naɗo mana gajerun saƙonnin murya da Hausa da Fulatanci kan abin da ake yi idan maciji ya sari mutum, za mu kai wa limamai da fastoci da masu shela. Rasit da sunayen ƙauyuka za su riƙa shigowa zaurenmu na WhatsApp kamar kullum. Hotunan yara kuwa mun daina ɗauka, iyayensu mata sun nuna ba sa so, kuma gaskiyarsu ce.

A gaida iyali. Allah Ya dawo mana da ku lafiya, Ya ba mu damina mai albarka.

Naku,
Sakataren kwamitin gida