Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Jihar Kano: Kuɗin Kasuwa Ya Fara Aiki A Kasuwa

Mai Girma Gwamna, Alhaji Abba Kabir Yusuf,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da addu'ar Allah Ya yi riƙo da hannunka a kan amanar da Kanawa suka ɗora maka, na rubuto ne a matsayina na ƙaramin ɗan kasuwa wanda ya shekara ashirin da ɗoriya yana buɗe shago a cikin birnin nan, domin in yi magana a kan inda Kano za ta samo kuɗin gina kanta, da abin da zai sa mai biyan kuɗin ya biya da daɗin rai.

Ranka ya daɗe, a ƙarƙashin teburina akwai wani tsohon gwangwanin madara da nake tara takardun rasit a ciki. Akwai na kuɗin shara, da na allon da ke ɗauke da sunan shago, da na sauke kaya, da na gadi, wasu da hatimi, wasu kuwa sa hannun biro ne kawai wanda ko mai shi ba lallai ya gane shi ba. Wata damina kwatamin layinmu ya toshe, ruwa ya shigo har ya taɓa dilar farko, muka naɗe ƙafar wando, muka yi karo-karo muka ɗauko masu yasa da kuɗinmu. Ba a yi mako guda ba sai ga mai karɓar kuɗin tsafta da littafinsa. Wani dattijo maƙwabcina ya dube shi, ya dubi tulin laka da muka kwashe wadda har ranar ba a zo an ɗauke ba, ya ciro kuɗin ya miƙa masa bai ce uffan ba. Tun daga ranar, duk mai littafin da ya doso layin sai ka ga shaguna suna rufewa ɗaya bayan ɗaya, wai an tafi salla. Ba rowa ce ta sa haka ba, domin waɗannan mutanen ne dai suke fitar da zakkar miliyoyi duk shekara, suke gina masallatai da makarantun Islamiyya ba tare da an bi su da sanda ba.

Birnin nan ya taɓa gina kansa da kuɗinsa. A zamanin Sarki Abdullahi Bayero, farkon shekarun 1930, daga Baitulmalin En'e aka fitar da kuɗin da aka janyo ruwan famfo daga Challawa aka kuma kunna wutar lantarki. Ban manta da cewa wancan harajin ya zo da bulala da wulaƙanci ba, kuma shi ya sa talakawa suka yi murna da Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a 1979, don haka babu mai hankalin da zai nemi a dawo da harajin kai. Abin da ya kamata a ɗauko daga wancan zamani shi ne cewa wanda ya biya ya ga famfo da idonsa. Yau kuwa mun saba da zaman jiran kason wata-wata daga Abuja, alhali Kantin Kwari da Singa da Sabon Gari da Dawanau suna ciyar da fatake daga Nijar da Chadi da Kamaru.

Shawarata ta farko ita ce a haɗe duk waɗannan kuɗaɗe su zama biya ɗaya a shekara, ta banki ko ta waya, sannan a kafa doka cewa wani tsayayyen kaso na abin da kowace kasuwa ta tara zai zauna a asusun wannan kasuwa, ba za a taɓa shi ba sai don magudanan ruwanta da hanyoyinta da wutarta da kayan kashe gobara. A sa wakilan 'yan kasuwa cikin masu sa hannu, a kuma kafa allo a bakin ƙofa mai nuna abin da ya shigo da abin da aka kashe duk wata uku. Wanda ya ga tokar Kasuwar Sabon Gari a 2016, ko ya ga atamfofi da shaddodi suna iyo a Kantin Kwari a daminar 2022, ya san cewa asarar rana ɗaya ta fi kuɗin gyaran shekaru.

Akwai sarƙaƙiya a nan wadda sai kai za ka iya warwarewa. Tsarin mulki ya ba ƙananan hukumomi kula da kasuwanni da tashoshin mota da mayanka, kuma a ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba su kasonsu kai tsaye. Sai dai birnin Kano guda ne da aka yanka gida takwas, wato Birni da Kewaye, Fagge, Dala, Gwale, Tarauni, Nasarawa, Kumbotso da Ungogo, kuma ruwan Jakara ba ya tsayawa ya tambayi inda iyakar wata ta ƙare. Idan kowane shugaban ƙaramar hukuma ya ja nasa ya gina shaguna goma da rijiyar burtsatse, kuɗin zai narke ba a ga komai ba. Ya dace ka zaunar da su takwas ɗin, da yardarsu ba da tilas ba, su kafa asusun haɗin gwiwa na manyan ayyukan birni, jiha ta zuba nata a kai.

Idan kuɗin shiga ya tsaya da ƙafarsa har ana iya kintatar na baɗi, to a nan ne ƙofar bashi mai tsabta take buɗewa. Jihar Osun ta fitar da sukuk, wato takardar zuba jari bisa tsarin Musulunci marar kuɗin ruwa, na naira biliyan 11.4 a 2013 ta gina makarantu, Gwamnatin Tarayya kuma ta fara nata a 2017 da naira biliyan 100 don tituna, kuma duk mai bin manyan hanyoyin ƙasar nan ya ga allunansa. Abin mamaki ne a ce Osun ta riga Kano, garin da attajiransa da yawa suke ƙin ajiyar da ke da kuɗin ruwa, suna binne dukiyarsu a filaye da buhunan hatsi. A ba su takardar da malamai suka tantace, wadda ke jingine da abin da ake gani kuma yake kawo haya, kamar rumbunan ajiya a Dawanau, ko ɗakunan sanyi ga masu gwari a 'Yan Kaba, ko wutar da za a sayar wa masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa, tunda dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar shiga harkar. Bashin da za a ci a gina abin da ba ya mayar da ko kwabo kuwa, gara a haƙura da shi.

Maganar filaye ma tana buƙatar ƙarfin hali. Legas ta haɗe kuɗaɗen ƙasa da na gidaje wuri guda tun 2001, kuma mu ma muna da hukumar KANGIS mai adana bayanan filayen jiha, wadda za ta iya ƙididdige manyan gine-gine. Duk inda gwamnati ta shimfiɗa kwalta, farashin fili yakan ninka ba tare da mai shi ya ɗaga tsinke ba, saboda haka adalci ne mai katafaren rukunin shaguna ko gidajen haya ya mayar da ɗan wani abu duk shekara, a ƙyale gwauruwar da ke zaune a gidan gado cikin lungu. Wannan ya fi yanka filin makaranta ko bakin magudana a sayar, wanda cin iri ne, a ƙoshi bana a rasa abin shukawa baɗi.

Sannan gwamnati ita ce babbar mai saye a jihar nan. Idan kayan makaranta na ɗalibai suka fito daga hannun telolinmu, takalmansu daga masu ɗinkin fata na Ƙofar Wambai, bencinansu daga kafintocin unguwa, aka kuma biya su a kan lokaci ba sai sun yi shekara suna zarya ba, hakan ya fi rabon jarin da ake yi a gaban kyamara.

Roƙona, ranka ya daɗe, shi ne a zaɓi kasuwa guda a gwada wannan tsari na shekara ɗaya, a buga lissafinta a fili kowa ya gani. Idan an tashi, ina roƙon a fara da kwatami kafin damina ta faɗi.

Allah Ya taimake ka, Ya zaunar da Kano lafiya.

Wassalam,
Wani ɗan kasuwa daga cikin birnin Kano