Wasiƙa Zuwa Ga 'Yata, Sabuwar Malamar Wasan Kwaikwayo

Assalamu alaikum, 'yata.

Bayan gaisuwa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, labarin ɗaukarki aikin koyarwa a sashen wasan kwaikwayo ya iso mana, mun yi hamdala ƙwarai. Allah Ya sanya albarka. Tunda hanyar da na bi har na yi ritaya ita kika ɗauka, bari in faɗa miki abin da ya fi tsaya mini a rai game da ita.

Aiki uku za ki riƙe lokaci guda: koyarwa a aji, ba da umarni a dandamali, da taka rawa ke da kanki. Yawanci suna tafiya tare lami lafiya. Amma akwai ranar da darakta da malama za su saɓa a zuciyarki. Darakta so take daren nuna wasa ya ƙayatar, 'yan kallo su yi ta tafi. Malama kuwa burinta yaron nan mai rawar murya da ke ɓuya a bayan aji ya bar jami'a yana iya tsayawa gaban jama'a. Idan ranar ta zo, ki bar malama ta yanke hukunci.

Wajen rabon rawa za ki fi ganin haka. Kowace shekara ba a rasa ɗalibi ɗaya ko biyu masu baiwa, kuma ranki zai riƙa jan ki ki ɗora musu babbar rawa a kowane wasa don hankalinki ya kwanta. Ki daure. Mai baiwar nan ki sa shi wani lokaci ya riƙe fitilu ko ya kula da kayan sawa, ya gane cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mai jin kunyar kuma ki ba shi rawar da ta ɗan fi ƙarfinsa, ki zauna da shi har ya iya. Wasan zai iya raguwa kaɗan a idon baƙi, na sani, amma ɗaliban nan karatu ya kawo su, kuma amanarsu ce a wuyanki.

A wajen gwaji, ki guji hawa dandamali ki furta magana ki ce ɗalibi ya kwaikwaye ki. Hanya ce mai sauri, sai dai muryarki kawai zai haddace. Ki tambaye shi: me mutumin nan yake nema a wannan fitowar, wa ya tare masa hanya? Irin tambayoyin da Stanislavski, masanin wasan kwaikwayo ɗan ƙasar Rasha, ya gina koyarwarsa a kansu ke nan. Shi da abokin aikinsa Nemirovich-Danchenko suka kafa shahararren gidan wasansu a Mosko a 1898, kuma yana tsakiyar suna a matsayin ɗan wasa da darakta ya buɗe ɗakin horar da matasa a 1912. Bai ɗauki koyarwa a matsayin ƙasƙanci ba.

Ke ma kada ki daina wasa. Malamin da ya daɗe bai tsaya gaban 'yan kallo ba yakan manta yadda ƙirji ke bugawa kafin a buɗe labule, sai ya zama mai tsawa ga yara.

Batun ƙarin girma kuma, jami'a takarda take dubawa, shi kuwa wasa da an watse ya wuce. Ki riƙa ɗaukar kowane wasa a bidiyo, ki adana littafin da kike rubuta tsare-tsarenki, ki fitar da maƙala daga abin da kika gano a wajen gwaji.

Sai abu mai nauyi. Maki yana hannunki, rawa ma tana hannunki, don haka ɗalibi ba zai iya ce miki a'a cikin sauƙi ba. Ki tashi gwaji a kan lokaci, domin suna da wasu darussan. Kada ki keɓe da ɗalibi ɗaya a rufaffen ɗaki, kada kuma ki tilasta wa kowa yin abin da ya saɓa wa mutuncinsa da sunan fasaha.

Ki sanar da mu ranar da za ki nuna wasanki na farko, in sha Allahu ni da mahaifiyarki za mu zo. Allah Ya yi miki jagora.

Mahaifinki.